Katako ko Ƙarfe: Minti Nawa Ƙyauren Gida Ke Saya wa Mai Shi?

Duk wanda ya bi titin Kano zuwa Katsina, ya ratsa Yashe ya nufi Kankiya, zai ga rumfunan masu walda a bakin hanya, janareta na ruri, an jingine ƙofofin ƙarfe a jikin bango suna shan iska bayan fenti. Kafintoci ma suna nan, sai dai yawancin aikinsu ya koma gado da kujera da rufin kwano. Ƙyauren ƙofar gida, wanda a da aikin kafinta ne, ya koma hannun mai walda, kuma tsoro ne ya kai shi can.

Tambayar takan iske ma'aikacin da ke Abuja ko Kaduna ko Kano ta waya. Ginin da yake yi wa iyaye a gida ya kai rufi, ko kuma an ji labarin an shiga wani ƙauye na kusa, sai ƙanensa ya bugo ya ce magini na tambaya: ƙyauren katako za a sa ko na ƙarfe? In na ƙarfe ne, na mai walda ko irin na Turkiyya da Sin da ake sayarwa a Kano? Mutane da yawa ba sa dogon tunani. Sukan tura kuɗin mafi tsadan da aljihu zai ɗauka, su kwanta da jin cewa sun sauke nauyi.

Wannan hanzari yana buƙatar gyara. Gaskiya ne ƙarfe ya fi dacewa da ƙofar waje a yawancin gidajen wannan yanki. Amma fifikon nasa yana rataye ne a kan sharuɗɗa: bangon da zai riƙe shi, hanyar da mutanen gida za su fita in wuta ta tashi, da mutanen da za su kawo ɗauki a cikin mintunan da ƙyauren ya tsayar da mai ɓalle shi. In aka rasa waɗannan, ƙyaure mai tsada asarar kuɗi ne, wani lokacin ma ya zama tarkon masu gidan.

Daga asabari zuwa kwaɗo

Gidan Bahaushe na gargajiya bai dogara da ƙyaure ba. Zaure a buɗe yake wuni, baƙo ya sauka, almajiri ya fake, malam ya karantar. Abin da ke hana namiji baligi wuce zaure zuwa tsakar gida shi ne sallama da kunya, sai kuma dabarar magina ta karkata ƙofar zaure da ta shigifa don kada idon mai wucewa ya hango ciki. Bakin ɗakunan mata asabari ne ko tufaniya ko labule. Ƙyaure, ko gambu kamar yadda ake cewa a wasu sassan ƙasar Katsina da Sakkwato, an fi ganinsa a zaure da ɗakin ajiya da turakar mai hali. Tsaron gida a lokacin aikin unguwa ne, kuma kowa ya san baƙon fuska.

Abin da ya rushe wannan tsari sananne ne. Ƙananan hukumomi takwas da ke gefen dajin Rugu da iyakar Zamfara da Kaduna, wato Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Ɗandume da Sabuwa, su suka fara ɗanɗana masifar 'yan bindiga. Ranar 11 ga Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Kankiya da Kusada ba sa cikin waɗancan takwas, amma daga baya abin ya gangaro gabas ta Matazu da Musawa har ya taɓa ƙauyukan Kankiya. Yashe kuwa mahaɗar hanya ce, inda titin da ya fito daga Funtuwa da Malumfashi ke saduwa da na Kano zuwa Katsina, don haka kowane labari ta nan yake wucewa. Magidancin da ya ji gemun maƙwabcinsa ya kama wuta ba za a zarge shi ba don ya nemi shafa wa nasa ruwa. Abin dubawa shi ne ko ruwan yana zuba inda ya kamata.

Abin da ƙofofin birni suka koyar

Muhawarar katako da ƙarfe ta daɗe a ƙasar Hausa, kuma magabata sun raba gardamar da haɗa su biyun. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya isa Kano a Janairun 1824, ya ƙirga ƙofofin ganuwa 15, ya kuma bayyana cewa ƙyamarensu na katako ne da aka lulluɓe da ƙarfe, ana buɗe su da fitowar rana, a rufe da faɗuwarta. Har yau ana iya ganin irin waɗannan tsofaffin ƙyamare a gidan tarihi na Gidan Makama. Katako yana ba da kauri da nauyi, ƙarfe yana kare shi daga gatari da wuta. Birnin Katsina ma da ganuwarsa da ƙofofinsa: Sauri, Ƙaura, Guga, Marusa, Durɓi, Ƙwaya, 'Yanɗaka.

Amma ƙyauren ɗaya ne daga cikin abubuwa da dama. Yana cikin ganuwa mai kauri, ganuwar tana da gwalalo a bayanta, ƙofar tana da Sarkin Ƙofa da ke kwana kusa da ita, birnin kuma yana da mayaƙan da za su fito in an buga kuge. Ranar 3 ga Fabrairun 1903, da sojojin Kanar Morland suka shiga Kano ta Ƙofar Kabuga da ƙarfin igwa, Sarki Alu da manyan barade da dama suna hanyar Sakkwato. Ƙyaure bai taɓa tsare birni shi kaɗai ba. Aikinsa ya riƙe maƙiyi a waje har masu kare gari su iso.

Ƙyaure lokaci yake saye

Masana gine-gine na zamani sun zo kan wannan matsaya, har sun sa mata awo. A Turai akwai ma'aunin da ake kira EN 1627, wanda ke kasa ƙofofi da tagogi aji shida gwargwadon juriyarsu ga mai ɓallewa. Ƙofar aji na biyu ana so ta jure wa mai sukuddireba da filaya na minti 3. Ta aji na uku ta jure wa mai sandar ƙarfe na minti 5. Ta aji na huɗu minti 10, ta biyar minti 15, ta shida kuwa, wadda ake sa wa wuraren ajiyar dukiya, minti 20 a gaban manyan injinan yanka. Babu ajin da aka rubuta masa cewa ba ya ɓalluwa. Nahiyar da ke da 'yan sanda masu zuwa cikin mintuna ta amince cewa iyakar abin da ƙofa mafi ƙarfi ke yi shi ne jinkirta ɓarawo.

In aka ɗauki wannan awo aka kawo Yashe, dole a raba masu barazana gida biyu, domin ƙyaure ɗaya ba ya amsa musu iri ɗaya.

Na farko ɓarawon gari ne, mai neman babur, waya, buhun hatsi ko akuya. Shi kaɗai ne ko su biyu, yana tsoron ƙara, yana tsoron a gane fuskarsa. Wannan minti 5 sun ishe shi ya haƙura ya nemi wani gidan. A kansa ƙyauren ƙarfe mai kyau yana aiki sosai, kuma shi ne barazanar da ta fi yawan faruwa, ko da ba ita ta fi cika labarai ba.

Na biyu ayari ne na masu bindiga a kan babura, waɗanda mutum suka zo ɗauka. Ba sa gudun ƙara, su ne ma ke yin ta. Harsashin AK-47 yana huda fallen ƙarfe mai kaurin milimita 2 kamar yadda yake huda katako. An sha jin sun tasa maƙwabci ko ɗan gida a gaba ya ƙwanƙwasa, ko sun yi barazanar cinna wuta in ba a buɗe ba, kuma ba barazanar baki ba ce: a harin ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari a Fabrairun 2020, inda aka kashe mutum 30, an banka wa gidaje wuta. A gaban irin waɗannan, mintunan da ƙyaure ya saya suna da amfani ne kawai in akwai abin yi da su, ko dai iyali su sulale ta wata hanya, ko kuma ɗauki ya iso.

Inda ƙarfe ya fi, da inda yake yaudara

Kalmar "ƙarfe" tana ɓoye bambanci mai girma. Da yawa daga cikin ƙofofin da ake shigo da su masu ƙyalli da zanen katako, fallen da ke jikinsu siriri ne, wani bai kai milimita ɗaya ba, cikinsu kuma kwali ne ko soso. Nauyin da ake ji da yawan harsunan makulli su ke sa mai saye ya natsu. Akwai masu inganci a cikinsu, amma tsadarsu ta wuce ta gidan malamin makaranta, musamman tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ga kuma matsalar gyara. Makullin da ke da harsuna da yawa ba ya shiri da ƙurar hunturu, kuma ran da ya cije, ba lalle a sami mai gyaransa ko kayan gyaransa a Kankiya ba.

Ƙyauren mai walda ba shi da wannan ado, amma mai gida na iya tsayawa a kansa ya ga abin da aka sa. Yana iya cewa a yi da falle mai kaurin milimita 1.5 ko 2, a gitta masa ƙarafa ta ciki, a sa hinji uku ta yadda ba za a zare su daga waje ba, a yi wa kwaɗo akwatin da guduma ba za ta same shi ba. In ya lalace, wanda ya ƙera shi yana bakin titi. Abin takaici dai shi ne ƙarfen kansa. Jihar da ke da kamfanin mulmula ƙarfe tun farkon shekarun 1980, wanda rodi da waya ne aikinsa, ƙasar da ta fara gina Ajaokuta tun 1979 ba ta gama ba, har yau mafi yawan fallen da mai walda ke yankawa asalinsa daga waje yake, farashinsa na bin dala.

Katako ma iri biyu ne. Akwai ƙyauren da aka manna siraran alluna biyu cikinsa fanko, wanda shuri ɗaya ke ɓarkawa. Wannan na ɗakin kwana ne, bai kamata a gan shi a ƙofar waje ba. Akwai kuma ƙyauren tsantsar katako mai kauri na maɗaci ko loko, wanda ya fi siririn ƙarfe juriya nesa ba kusa ba. Matsalarsa samuwa. Maɗaci da kirya da marke sun yi ƙaranci a dazukan Katsina, yawancin katakon gini daga Kudu ake kawo shi zuwa kasuwanni irin su 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, kuma sau da yawa bai gama bushewa ba ake aiki da shi. Irin wannan yakan kumbura da damina ya ƙi rufuwa, ya tsuke da hunturu ya bar kafa tsakaninsa da firam. Ga gara, wadda azarar giginya ta daɗe tana gagara. Saboda haka a ƙofar waje ƙarfe ya yi rinjaye, don samun mai kyau a cikinsa ya fi sauƙi a wannan yanki.

Sai dai mai ɓalle gida ba kasafai yake faɗa da tsakiyar ƙyaure ba. Inda ƙyaure ya haɗu da bango yake nema. Firam ɗin da aka dasa a bulo mai rami da 'yan ƙusoshi da ɗan siminti yakan fita gaba ɗaya da ƙyaurensa, makullin yana kulle. Maganinsa shi ne a zuba ginshiƙin kankare da rodi a gefe biyu na ƙofar, a walda kunnuwan firam a jikin rodin kafin a zuba. Wannan aiki ba ya ƙyalli, ba wanda zai gan shi ya yaba, kuma shi ne rabin ƙarfin ƙofar.

Bayan firam sai bango da rufi. Katangar ƙasa mai kauri ta fi bulo mai rami tare harsashi, ta fi shi sanyi, amma tun kaka da kakanni ɓarayi sun san ana haƙa ta, balle bayan damina ta jiƙa gindinta. Rufin kwano ana ɗaga shi, silin ana taka shi ya faɗa. Katangar tsakar gida da ba ta wuce tsayin mutum ba, yaro ma yana haura ta, ya buɗe ƙofar daga ciki. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙyauren naira dubu ɗaruruwa a jikin bangon da ya tsage, ƙadangare ba zai ko kalle shi ba.

Maƙiyin da ke tasowa daga ciki

Akwai hatsarin da mai tura kuɗi daga birni ba ya yawan tunawa, domin hankalinsa na kan wanda zai shigo. Gobara daga ciki take tasowa: kaskon jin ɗumi da hunturu, maganin sauro, kyandir, tukunyar gas, fetur da aka ajiye a ɗaki don babur ko janareta, wutar lantarki da ta dawo da ƙarfi tsakar dare. A wannan lokacin duk abin da aka yi don hana shiga yakan koma hana fita.

Ƙarfe ba ya cin wuta, amma yana ɗaukar zafi da sauri har hannu ya kasa taɓa sakata, kuma yana buɗewa in ya yi zafi. Ƙyaure mai tsawon mita 2 zai ƙaru da fiye da santimita ɗaya in zafinsa ya hau da digiri 500, abin da ya isa ya sa shi ya cije a cikin firam. A wajen digiri 600 ƙarfe ya rasa kusan rabin ƙarfinsa, ya fara lanƙwashewa. Katako mai kauri kuwa a hankali yake ci, ƙasa da milimita ɗaya a minti, gawayin da ya yi a sama yana kare na ciki. Shi ya sa a Ingila ƙofofin tare wuta na cikin gida da yawa na katako ne, kaurin milimita 44, an gwada su suna riƙe wuta minti 30. Kuma in ta kai ga ceto, maƙwabta na iya sare ƙyauren katako da gatari. Na ƙarfe sai an nemo injin yanka da wutar da za ta tayar da shi, alhali hayaƙi yana kashe mutum kafin harshen wuta ya iso gare shi. A ƙaramin gari, kafin motar kashe gobara ta zo daga wani wuri, maƙwabta ne masu aikin ceto, da guga da gatari da diga.

Tarihi ya maimaita wannan darasi da rayuka. A birnin New York, ranar 25 ga Maris 1911, ma'aikata 146 suka mutu a gobarar masana'antar ɗinki ta Triangle, da yawansu don an kulle ƙofar fita, kuma wannan ne ya jawo aka tsaurara dokokin hanyoyin fita daga gine-gine a can. A Nijeriya, a Maris 2001, ɗalibai mata sama da 20 suka rasu a gobarar ɗakin kwanan makarantar Bwalbwang da ke Gindiri a Jihar Filato. Ƙofa a kulle take, tagogi kuma da ƙarafa. An yi kullen ne don a tsare su.

Gidaje da yawa a yau an gina su a kan wannan siffa: ƙyauren ƙarfe a waje, wani a falo, wani a kowane ɗaki, kowace taga an dasa mata ƙarafa cikin siminti, makullai kuma suna aljihun mutum ɗaya. Wani magidancin ma yakan datse kwaɗo ta waje in zai fita sallar asuba ko zai kwana a wani gari, uwa takan kulle yara in za ta je unguwa. Hadisin Jabir da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya haɗa umarni biyu a wuri guda, rufe ƙofofi da dare da kashe fitilu lokacin barci. An riƙe na farko da kyau, ya kamata a tuna cewa tare aka ambace su.

Ƙa'idar da za ta warware wannan gajeriya ce. Duk ƙofar da mutane ke barci a bayanta, ya zama yaro ɗan shekara goma ko tsohuwa na iya buɗe ta daga ciki, cikin duhu, ba tare da neman mabuɗi ba. Sakata biyu masu kauri sun fi kwaɗo a nan. Kowane sashe na gida kuma ya sami mafita ta biyu, ko taga ɗaya da aka yi wa ƙarafanta hinji da sakata ta ciki, ko ƙaramar ƙofa ta baya. Wannan mafita ita ce kuma hanyar sulalewa ran da masu bindiga suka tsaya a ƙofar gaba.

Ƙyauren da ke ba da labari

Ƙofar gida tana magana da duk mai wucewa. A layin da gidajensa na ƙasa ne, ƙyaure mai ƙyallin Turkiyya yana shela cewa gidan nan yana da ɗa a birni mai iya biyan kuɗi. Jami'an tsaro da gwamnatin jiha sun sha nanata cewa masu kai wa 'yan bindiga rahoto daga cikin gari na daga manyan abubuwan da ke hana matsalar ƙarewa. Da ɗan gari akan ci gari, kuma ɗan gari da ido yake tantance gidan da za a samu.

Za a iya cewa wannan magana tana ɗora laifi a kan wanda aka zalunta. Mutum ya yi karatu, ya yi aiki, ya samu halaliyarsa, don me za a ce ya ɓoye ta a garinsu? Ƙorafin yana kan gaskiya. Abin kunya ne a kai lokacin da ɗa zai ji tsoron gyara wa mahaifiyarsa gida, kuma laifin na masu laifi ne da hukumar da ta kasa hana su. Amma wanda ke zaɓen ƙyaure yana zaɓe ne a cikin halin da ake ciki, kuma tsofaffin da za su kwana a bayan ƙyauren su ne za su ɗauki sakamakon, shi yana nesa. Ƙyauren ƙarfe mai kauri da aka shafa wa fenti irin na kowa yana ba da ƙarfin ba tare da shelar ba.

Ya kamata kuma a tuna cewa rayuwar Bahaushe a ƙofar gida take. Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar Uba, a gaban gidansa aka ɗauke shi bayan sallar magariba ranar 1 ga Mayun 2019, ya yi wata biyu kafin a kuɓutar da shi a Kano. Tsohon shugaban hukumar yi wa ƙasa hidima, Janar Maharazu Tsiga mai ritaya, daga gidansa na Tsiga a Bakori aka tafi da shi cikin dare a Fabrairun 2025, sai a Afrilu ya dawo. Manomi a gona ake tare shi, ɗan kasuwa a hanya, masallata a masallaci kamar yadda ya faru a Unguwar Mantau ta Malumfashi a Agustan 2025. Ƙyaure yana tsare sa'o'in barci ne kawai, su ma ba duka ba.

Yadda ya kamata a kasa kuɗin

In aka tattara duk wannan, amsar da ma'aikacin birni zai ba ƙanensa tana da tsari. A fara da bango: a toshe tsaga, a ɗaga katanga, a gyara gindinta kafin damina. A zuba ginshiƙai a ƙofar waje, a sa ƙyauren ƙarfe na mai walda da aka sani, a tsaya a ga kaurin fallen kafin a shafa fenti, a yi masa shafin hana tsatsa musamman ta ƙasa inda ruwa ke kwanciya. In ƙofar na kallon yamma, a yi mata rumfa, domin a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 ƙarfe yakan mayar da zaure tanda. Mai hali na iya bin sawun maƙeran ganuwa, ya lulluɓe katako mai kauri da fallen ƙarfe ta waje. Ɗakunan kwana a bar su da katako mai kyau da ya bushe, da sakata ta ciki. Ƙarfe a cikin gida a keɓe shi ga ɗakin ajiya, inda ba mai kwana.

Abin da ya rage daga kuɗin da aka yi niyyar kashewa a ƙyauren ado, a kai shi inda zai ƙara wa mintunan nan daraja: fitilar sola a layi, usur a kowane gida, lambobin waya da kowa ya haddace, yarjejeniya tsakanin maƙwabta kan abin da za a yi in an ji ihu, gudummawa ga masu sintirin da mai unguwa da hukuma suka sani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gida mai ƙyauren katako a layin da mutanensa ke fitowa ya fi tsaro a kan gida mai ƙyauren ƙarfe a layin da kowa ke ƙara datse nasa in ya ji kukan maƙwabci. Wannan ma wata illa ce ta ƙyauren ƙarfe da ba a cika faɗa ba: yana koya wa mutum cewa tsaronsa ya ƙare a dokin ƙofarsa.

Sauran nauyin na hukuma ne, kuma ba wani mai walda da zai ɗauke mata. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha da matasa kimanin 1,500 a rukunin farko. Ma'aunin da ya dace a auna ta da shi, ita da 'yan sanda da sojoji, shi ne wanda ake auna ƙofa da shi: daga lokacin da aka buga waya daga wani ƙauyen Kusada ko Kankiya, minti nawa ake yi kafin a iso? In amsar ta fi minti 20, ta wuce abin da ƙofa mafi ƙarfi a ma'aunin Turai ke iya riƙewa, balle ta bakin titin Yashe. Masu ilimin yankin da ke da murya a Katsina da Abuja, wannan adadi ya kamata su riƙa tambaya a kowane taron ƙungiyar ci gaban gari, da irin naciyar da suke tambayar farashin ƙyaure.

Kafin a tura kuɗin, akwai tambaya ɗaya da ta cancanci a yi wa ƙanen da ya bugo waya: in Inna na ciki ita kaɗai da jikoki, wuta ta tashi ko aka buga ƙofa da ƙarfe biyun dare, ta ina za ta fita, wa kuma zai ji ta? In an sami amsar wannan, zaɓi tsakanin kafinta da mai walda ba zai ɗauki dogon lokaci ba.